Farautar dala 50,000: a ina maharban Amurka ke samo kuɗin?

A watan Yulin 2015, da labarin kashe zakin nan Cecil a gefen gandun dajin Hwange na Zimbabwe ya karaɗe duniya, yawancin mutane irin mutuwar da zakin ya yi ce ta tsaya musu a rai. Ni kuwa sana'ar wanda ya harbe shi ce ta riƙe ni. Walter Palmer likitan haƙori ne a jihar Minnesota. Ba shi da rijiyar mai, ba shi da sarauta, amma an ruwaito cewa kimanin dala 50,000 ya biya a kan wannan fita guda ɗaya. A wurinmu maharbi shi ne mai karnuka da gora da 'yar bindigarsa harba-ruga, wanda yake shiga daji bayan an kawar da amfanin gona don ya samo na miya. A can lamarin ya juye. Mutum ne zai kwashi abin da ya shekara yana tarawa ya miƙa don a ba shi izinin harbi ɗaya tak, kuma wani lokacin ya koma gida ko kunamar bindiga bai taɓa ba.

To su wane ne ke biyan irin wannan kuɗi, kuma wane aiki suke yi? Idan ka saurari su maharban, amsar da suka fi so ita ce: "Tattali ne kawai, kowa ma zai iya." Akwai gaskiya a ciki, sai dai gaskiyar tana da iyaka, kuma iyakar ce abin dubawa.

Farashin hawa-hawa ne

Ƙididdigar da hukumar kula da kifi da namun daji ta Amurka ta yi a 2022 ta nuna akwai maharba miliyan 14.4 a ƙasar, waɗanda suka kashe dala biliyan 45.2 a shekarar. Idan aka raba, kowa ya tashi da abin da ya ɗan haura dala 3,000, har da bindiga da harsashi da man mota da tufafi. Galibinsu barewa suke harbi kusa da gida, a gonar dangi ko dajin gwamnati, su cika firji da nama. Waɗannan ba su ne abin zancenmu ba.

Tsadar tana farawa ne daga ranar da mutum ya tsallaka iyakar jiharsa. A Amurka jihohi ne ke da iko da namun daji, kuma kowace jiha tana fifita 'ya'yanta. A Colorado, takardar izinin harbin elk, wata ƙatuwar barewa mai ƙaho reshe-reshe wadda namijinta ya kai ƙaramin sa, ba ta kai dala 100 ga ɗan jiha ba, amma baƙo sai ya ajiye wajen dala 800. Idan abokai uku suka haɗa mota ɗaya suka kwana a tanti, kowa zai iya fita da dala 2,000 zuwa 3,000. Idan kuwa an ɗauki jagora mai dawakai da sansani, kuɗin ya ninka sau biyu ko uku.

Hawa na gaba yakan ba mutane mamaki. Mako guda a Afirka ta Kudu ko Namibiya, a harbi dabbobi biyar ko shida irin su gadu da jakin dawa da barewar da ake kira impala, sau da yawa bai fi kuɗin elk guda ɗaya da jagora ba. Dalili yana cikin doka. A 1991 Afirka ta Kudu ta yi dokar da ta mallaka wa mai gona namun dajin da ke cikin shingensa. Daga nan manoma da yawa suka rage shanu suka koma kiwon namun daji, suna saye da sayarwa kamar yadda ake yi a kara. Kaya ya yi yawa, masu sayarwa suka yi yawa, farashi ya kwanta.

Ragon dutse kuwa ba a kiwata shi haka. A wurare da yawa masana ne ke hawa jirgi su ƙirga garke a kan tsaunuka, su ce bana kaza za a harba, ba ƙari. Masu so suna ƙaruwa, ragunan ba sa ƙaruwa. Shi ya sa farin ragon dutse na Alaska, wanda ake kira Dall, yake cin dala 30,000 ko fiye, ɗan'uwansa Stone na British Columbia a Kanada kuma ya fi haka nesa ba kusa ba. Cikakkiyar farautar kwana 21 a Tanzaniya tana iya kai dala 100,000. A can ƙololuwa kuma akwai takardun da ake gwanjonsu. A 2013 wani ya sayi izinin rago ɗaya a Montana a kan dala 480,000. A 2014 wani maharbi mai suna Corey Knowlton ya biya dala 350,000 a gwanjon ƙungiyar Dallas Safari Club don baƙin karkanda a Namibiya. A farkon 2025 takardar rago ta New Mexico ta tashi a dala miliyan 1.3.

Duk wanda ya haɗa waɗannan hawa a tukunya ɗaya ya ce "tattali ne", ya haɗa mai sayen ragon layya da mai sayen dokin sukuwa.

Aikin da yake ba da Satumba

Abin da na fi ganin an kasa fahimta daga waje shi ne cewa kuɗi rabin matsalar ne. Ɗaya rabin lokaci ne, kuma lokacin ba ya matsawa don kowa. Elk a watan Satumba yake barbara, lokacin ne namiji yake ruri ana iya kiransa ya zo. Ragon Alaska daga Agusta ake fara shi. Ita kuma Amurka ba ta da dokar tarayya da ta wajabta wa kamfani ba ma'aikaci hutun shekara da albashi. Wanda ya shekara ɗaya a aiki, abin da aka saba ba shi bai wuce mako biyu ba. A ciki zai kai yara ganin kakanninsu, a ciki zai yi jinya, a ciki matarsa take sa ran za a je bakin teku. Farautar tsauni kuwa, da tafiya da dawowa, kwana goma ce ko sha biyu.

Nan ne za ka gane dalilin da ya sa sansanonin farauta suke cike da wasu sana'o'i na musamman. Ma'aikacin kashe gobara a garuruwa da yawa yana yin awa 24 a bakin aiki ya huta 48, kuma an yarda ya yi musayar rana da abokin aikinsa. Sai ya yi ta karɓar wa mutane aiki a lokacin bukukuwan ƙarshen shekara, yana tara bashin kwanaki, idan Satumba ta zo ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya karɓa. A ranakun hutunsa kuma yana gyaran rufin gidaje ko yankan ciyawa, kuɗin wannan aikin na biyu su ne na daji. Ma'aikatan jinya masu yin awa 12 sau uku a mako suna iya jera ranakunsu su samu kwana takwas ba tare da sun taɓa hutun shekara ba. Masu aikin haƙar mai a arewacin Alaska mako biyu suke yi a bakin aiki, mako biyu a gida. Mai gyaran wayar lantarki kuwa, idan guguwa ta kayar da turaku a wata jiha, yakan tafi ya yi makonni yana aikin ƙarin lokaci da ake biya ninki ɗaya da rabi ko biyu, ya dawo da kuɗin farautar baɗi a aljihu.

Wasu sana'o'in kuma kalanda ce ta yi musu gata ko ta juya musu baya. Akanta yana shan wahala daga Janairu har 15 ga Afrilu, ranar rufe takardun haraji, amma kakarsa da sauƙi. Malamin makaranta ya rasa Satumba gaba ɗaya, domin lokacin ake komawa aji, sai dai dogon hutunsa na Yuni da Yuli ya faɗo daidai da sanyin kudancin Afirka, lokacin da ciyawa ta kwanta ake farauta a can. Manomin masara da waken suya a Iowa yana da kuɗi a shekara mai kyau, amma girbi ya ɗaure shi a lokacin da kowa ke kan tsauni.

Idan aka hau zuwa farautar dala 30,000 da sama, fuskokin sukan canza. Masu albashi suna raguwa, masu kamfanin kansu suna ƙaruwa: mai kamfanin famfo da motoci goma, ɗan kwangilar gini, mai shagon na'urorin sanyaya ɗaki, likitan da asibitin nasa ne. Wannan ya dawo da mu kan likitan haƙori. Abin da ya bambanta shi da lauyan da ke aiki a ƙarƙashin wani, ko da albashinsu ɗaya, shi ne cewa shi yake rubuta jadawalin kansa. Ya ce wa sakatariya kada ta ba kowa rana a makonni biyun farkon Yuli, shi ke nan. Yawancin irin waɗannan kuma sai sun haura shekara hamsin, yara sun gama makaranta, an gama biyan gida, ko an sayar da kamfanin. Matsalar kawai ita ce lokacin da aljihu ya cika, gwiwa ta fara ƙara, ragon kuma yana can inda yake, a saman dutse.

Akwai masu yanke hanya ta wata fuska: su canza adireshi. Dokar Alaska ta hana baƙo farautar ragon Dall ko akuyar tsauni ko babbar beyar sai da jagora mai lasisi, ko da ɗan'uwa na kusa mazaunin jihar. Amma wanda ya zauna wata 12 a jere ya zama ɗan gari. Lasisinsa bai kai dala 50 ba, kuma a yankuna da yawa ragon da baƙo yake biyan dala 30,000 a kansa, shi ƙafarsa da jakarsa kawai zai sa. Shi ya sa za ka ga matashin ma'aikacin jinya ko makanike ya kwashe kayansa ya koma Anchorage ko Fairbanks, manyan biranen Alaska, ya haƙura da duhun hunturu da tsadar abinci. Wasu kuma dako suke yi wa jagorori, su ɗauki kayan attajiri a baya, su ga dajin da ba za su taɓa iya biya ba. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Ko Theodore Roosevelt, da ya sauka daga shugabancin Amurka ya tafi doguwar farautarsa a gabashin Afirka a 1909, ba daga aljihunsa kaɗai abin ya fito ba. Masu kuɗi irin su Andrew Carnegie sun tallafa wa ɓangaren tara samfurin dabbobi na cibiyar bincike da gidajen tarihi ta Smithsonian, mujallar Scribner's kuma ta biya shi dala 50,000 don ya rubuta labarin tafiyar.

Motar da ba a saya ba

A ɓangaren kashe kuɗi, abu ɗaya ne ya fi kowane nauyi, wato mota. Sabuwar mota a Amurka ta kai wajen dala 48,000 a matsakaici a 2024, babbar a-kori-kura irin wadda maharba ke so kuma takan wuce 60,000. Kusan kowa bashi yake ɗauka, kuma matsakaicin abin da ake biya a wata ya haura dala 700. A ɗauka maƙwabta biyu ne masu albashi ɗaya. Ɗaya yana canza mota duk shekara huɗu, yana biyan dala 750 a wata ba fashi. Ɗayan yana jan tsohuwar Toyota mai shekara goma sha biyar wadda ya gama biya tuntuni, yana zuba wannan 750 ɗin a asusu na daban. A shekara ya tara 9,000. Ko an cire 1,500 na gyara, abin da ya rage ya kai shi Namibiya. A shekara huɗu, ya ga ragon Dall. Maƙwabcin zai gan shi da hoton ƙaho ya ce, "Wannan ina yake samun kuɗi?" alhali amsar tana ajiye a ƙofar gidansa, tana sheƙi.

Bayan mota sai gida, sai ƙananan abubuwan da ke cin kuɗi a ɓoye: jirgin ruwan shaƙatawa, cin abinci a waje, sabuwar bindiga duk shekara. Tsofaffin hannu suna yawan yi wa sababbin shiga dariya a kan wannan na ƙarshe. Mutum zai cika kabad da bindigogi goma sha biyu da tabarau masu tsada, kuɗin da ya isa farauta uku, amma bai taɓa ƙetare jiharsa ba. Wasu kuma duk sayayyar kamfaninsu da katin banki mai tara makin jirgi suke yi, su samu tikitin Atlanta zuwa Johannesburg, tafiyar awa 15 da ɗoriya, kusan kyauta.

Kuma duk wannan ba ya yiwuwa sai da yardar uwargida, domin a gidaje da yawa asusun ɗaya ne, albashin biyu ne. Sulhun da aka saba yi shi ne a tafi tare, a ƙara kwana huɗu a Cape Town ko a magangarar ruwan Victoria. Ma'ana kuɗin ya ƙaru, amma an zauna lafiya.

Sai kuma maki. Jihohin yamma da yawa da ƙuri'a suke raba takardun farauta masu daraja, kuma duk shekarar da ba ka ci ba za ka iya sayen maki ɗaya da zai matsar da kai gaba a layi. A Wyoming makin rago dala 150 ne ga baƙo. Abin ya yi kama da adashe: kana zubi shekara-shekara kana jiran kwasarka. Bambancin shi ne a adashe uwar adashe ta san ranar kowa. A nan masu shiga layi sun fi takardun da ake fitarwa yawa, don haka makin da ake buƙata yana ƙaruwa kusan duk shekara, kana tafiya layin yana tafiya. Mutum zai yi zubin shekara 20, dala 3,000 ke nan ban da kuɗin cike takarda, sannan a canza doka. Haka aka yi a Wyoming, inda daga 2023 aka rage kason baƙi a takardun rago zuwa kashi 10 cikin 100. Colorado ma daga 2025 ta daina sayar wa baƙi masu kwari da baka takardar elk kai tsaye, sai ta ƙuri'a. Hanyar talaka ce ke ƙara ƙuncewa, duk da cewa dajin na kowa ne, domin gwamnatin tarayya tana riƙe da kimanin eka miliyan 640 na ƙasa, kuma tun 1937 harajin da ke kan bindiga da harsashi yake tafiya wajen kula da namun dajin.

Kuɗin da ba ya cikin talla

Wanda ya fi shiga uku shi ne wanda ya ci gwanjo a liyafar ƙungiyar maharba. Kamfanonin Afirka ta Kudu sukan ba da kyautar "farautar kwana bakwai ta mutum biyu" a yi gwanjonta, wani ya ɗaga hannu ya same ta a dala 1,500, ya koma gida yana murna ya yi tsintuwa. Abin da ya saya kuɗin kwana da abinci da jagora ne kawai. Kowace dabba da farashinta daban, kuma dokar daji ita ce idan ka harba aka ga jini, ka biya, ko an same ta ko ba a same ta ba. Mai sansanin ya san abin da yake yi. Ya san mutumin da ya yi tafiyar awa 15, ya ga ƙaton dabbar nan mai murɗaɗɗen ƙaho da ake kira kudu tsaye a gabansa, jagora yana raɗa masa cewa irin wannan ba a samunsa kullum, da wuya ya tsaya lissafi.

Bayan an sauko daga mota kuma sai tukuici: na jagora, na masu bin sawu, na masu fiɗa, na mai dafa abinci, na mai wanki. Naman ba ya shiga Amurka, a can ake barinsa. Fata da ƙaho sai an tsoma su a magani an shirya su, a biya. A yi musu akwati a sa a jirgi, a biya. Wakilin kwastan ya fito da su, a biya. Sannan mai cusa fata ya mayar da su siffar dabba don a rataye a bango. Ba abin mamaki ba ne waɗannan su kai kuɗin farautar kanta. Masu wayo yanzu hoto kawai suke ɗauka, ko su taho da ƙoƙon kai da ƙaho, su ajiye sauran kuɗin don su sake komawa.

Akwai kuma waɗanda ba a cika jin labarinsu ba, domin ba wanda yake alfahari da shi: masu zuwa da bashin katin banki mai kuɗin ruwa sama da kashi 20 cikin 100, ko masu fasa asusun fanshonsu tun lokaci bai yi ba, su biya tarar kashi 10 ban da haraji.

A ganina, a nan zancen "kowa ma zai iya" yake karyewa. Matsakaicin kuɗin shigar gida a Amurka wajen dala 80,000 ne a shekara, kuma binciken babban bankin ƙasar ya sha nuna cewa sama da kashi ɗaya cikin uku na manya ba za su iya biyan larurar dala 400 nan take da kuɗin hannu ba. Wanda zai ajiye dala 750 a wata sai wanda tun farko yake da ita, da ruwan ciki ake jan na rijiya. Tattali da zaɓen aiki suna bayyana yadda mai gyaran lantarki yake zuwa Colorado duk shekara, ko Namibiya sau biyu a rayuwarsa. Ba su bayyana ragon Stone ba, balle takardar miliyan 1.3. Wannan sai mallakar kamfani, ko gado, ko hannun jarin da ya yi shekara talatin yana haihuwa.

Wani yanki na kuɗin nan a kusa da mu yake sauka. A arewacin Kamaru, kewaye da gandun dajin Benuwe da Faro da Bouba Ndjida, gwamnati ta yanka yankunan farauta tana ba kamfanoni haya, yawancinsu na Turawa. Abin da ke kawo baƙi shi ne wata dabba da ake kira eland ta Lord Derby, babbar cikin dangin gwanki, tare da gwankin kansa da ɓauna da kanki. Tun da rikici ya dagula Afirka ta Tsakiya a 2013, Kamaru ta zama babbar ƙofar samunta, kuma kuɗinta yana cikin hawan ragon dutse. Makiyayan da ke bi da shanunsu ta wannan yanki sun san shingen da ba a gani, domin sun sha arangama da masu gadinsa.

Baƙon yakan sauka Garwa ko Ngaundere da rani, cikin hazo. Da asuba masu bin sawu, 'yan ƙauyukan wurin, suke samo tafin garke a kan ƙura, a bi shi a ƙafa awa shida, awa takwas, wani lokacin kwana goma a jere kafin a ga bijimin da ya isa harbi. Idan an dace, naman ya watsu a sansani da ƙauye kafin dare. Ƙahon kuma ya bi hanyarsa ta Duwala, ya isa gidan mai shi bayan shekara guda ko fiye, da takardar kuɗin dako manne a jikin akwatin.